Yadda za ka yi gwajin yara don memuwar ɗinka (kundin kammala karatu) a nan Damagaram

Ɗaliban Jami'ar André Salifou da masu koyon malunta da ke son bincike kan yadda hankalin yaro ke girma, wannan naku ne. Ba sai kana da ƙaton labo irin na Amurka ba. Ɗaki ɗaya mai shiru, tabarma, portabul mai kyamara, agogo, kaye da bik, sun isa.

Fara da izini. Ka je gidan da kanka ka gaida maigida da uwar yaro, ka gaya musu abinda za ka yi da Hausa ƙarara, ba allura ba magani, kuma duk lokacin da suka ce a bari to an bari. In a Birni ne ko Zango ka biya ta wajen mai unguwa tukuna. Sunan yaro kar ya shiga kaye, lamba za ka ba shi. Shekaru kuma kar ka dogara da "ai da damina aka haife shi", ka roƙi katin rigakafi ka duba, don a wannan aiki wata biyu ma bambanci ne babba.

Na farko gwajin madubi na yara, Beulah Amsterdam ce ta fito da shi a 1972. Ana ɗiga wa yaro ja a hanci bai sani ba, sai a aje shi gaban madubi, in ya kai hannu ya taɓa hancinsa to ya gane cewa shi ne a ciki, yawanci tsakanin wata 18 zuwa 24 ake ganin haka. Amma fa a kula dan Allah. Da aka yi irinsa a Kenya, binciken da ya fito a 2011, cikin yara 82 biyu kacal suka taɓa alamar, da yawansu tsayawa suka yi cak suna kallon madubin, har da manya ƴan shekara biyar da shida. Wa zai ce ɗan shekara shida bai san fuskarsa ba? Mu nan mun san wannan tsayuwar, yaro ne gaban baƙo, an sa masa abu a fuska, tarbiyya ta hana shi gogewa. Ga shi kuma yaranmu sun saba da kwalli tun suna jarirai, ɗigo a goshi ba abin mamaki ba ne wajensu. To ka bar uwa ta sa alamar tana wasa da shi, kai ka ja gefe, ka ba shi lokaci ya saki jiki, kuma ka rubuta DUK abinda ya yi, ko sunkuyar da kai ne ko satar kallon uwarsa, kar ka tsaya kan "ya taɓa, bai taɓa ba" kawai.

Na biyu gwajin haƙuri, wanda Walter Mischel ya yi a Jami'ar Stanford wajen 1970, na ƴan shekara huɗu zuwa biyar. Ka aje alewa ɗaya a faranti ka ce, "Zan fita in dawo, in ka jira ni zan ƙara maka ɗaya, in kana so ka ci yanzu ma ba laifi." Sai ka fita kyamara na ɗauka, agogo na tafiya, minti 10 ya isa. Abin da yaro ke so da gaske za ka sa, a Kamaru da aka gwada ƴaƴan manoman Nso fanke aka ba su, kusan kashi 70 cikin ɗari suka jira, na Jamus ko kashi 30 ba su cika ba. Ka tambayi uwa ko ya karya kumallo, don yaron da ya sha koko ya ƙoshi da wanda ya zo da yunwa ba gwaji ɗaya ka yi musu ba. Kuma wallahi ka cika alkawari. A wani bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka, 2013, yaran da mai gwaji ya fara saɓa musu alkawari kamar minti 3 suka jira, waɗanda aka cika wa kuwa wajen minti 12. Wanda ya cinye ma ka ba shi ta biyun kafin ya tafi, kuma kar ka gaya wa iyaye wai ɗansu ba zai yi ƙoƙari a lakwal ba, binciken 2018 ya nuna in aka lissafa halin gidan da yaro ya tashi, alaƙar jira da ƙoƙari a lakwal ta ragu sosai.

Maganarka ka rubuta ta ka haddace, kalma ɗaya murya ɗaya ga kowane yaro, lokaci ɗaya kuma, da safe kafin rana ta buɗe, balle a watan Afrilu. In yaro ya fashe da kuka an gama kenan, a miƙa shi ga uwarsa.

Bidiyon kuma mutum biyu za su kalla kowa daban, na biyun kar ya san abinda kake fatan samu, sannan ku gwama abinda kuka rubuta. Inda kuka saɓa ku sake kallo tare. Ka sa wa wayar makulli, kar bidiyon ɗan mutane ya shiga WhatsApp, in an gama memuwar ka goge shi kamar yadda ka yi wa iyayen alkawari.