Kafin ku amince da lissafin na'urar rage ƙarfin lantarki

Masu gwada na'urar buck (da'irar da ke rage ƙarfin lantarki ta hanyar kunna makunni da kashe shi da sauri) a LTspice, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki a kwamfuta, ku fara da samfurin matsakaici (lissafin da ke ɗaukar matsakaicin wuta a kowane zagayen kunnawa da kashewa) da masana Middlebrook da Cuk suka gabatar a 1976, domin yana nuna halin da'irar ba tare da bin kowane kunnawa da kashewa ba. Sai dai ingancinsa yana raguwa idan saurin sauyin da ake dubawa ya kusanci rabin saurin makunnin, shi ya sa idan makunnin yana aiki a kilohaz 100 (kunnawa da kashewa sau dubu 100 a daƙiƙa), gara a tsayar da saurin madaukin sarrafawa (sashen da ke auna wutar da ke fita yana daidaita makunnin) wajen kilohaz 10. Kada a manta da 'yar turjiyar da ke cikin kafasita (ma'ajin caji); turjiyar ce ke ƙara rawar wutar da ke fita. Lallai a gwada da ƙaramin lodi kuma, wato abin da ke jan wuta kaɗan, saboda a nan wutar indakta (naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin da'irar) kan sauka har sifili, lissafin ya sauya gaba ɗaya.