Yadda Ake Zaɓen Tayar Mota a Legas Kafin a Miƙa Kuɗi

Yawancin masu sayen taya karon farko da hannu suke saye. Mutum zai tsuguna, ya shafa zanen, ya tura yatsa cikin ramin, ya ɗan bubbuga ta, sai ya miƙe ya ce, "Wannan da sauranta." Mai shago ma ya san haka, shi ya sa zanen yake fara juyo maka. Alhali duk abin da ya kamata ka sani game da taya a gefenta aka rubuta shi, kuma can ne ba a dubawa.

Maganata a kan ƙaramar motar gida ce, irin su Corolla, Camry, Accord da Elantra, wadda ake zuwa aiki da ita daga Agege ko Mile 12, ko ake Bolt da ita, in sallah ta zo kuma a ɗauki iyali a miƙi hanyar Ibadan zuwa gida. Tayar da ta dace da wannan aiki ita ce wadda kamfanoni ke kira touring, wato ta zirga-zirga da doguwar tafiya a kan kwalta. Ba ta da ƙara, tana da laushin tafiya, tana riƙe titi in an yi ruwa, kuma tana daɗewa ba ta cinye ba. Ba ita ce mai manyan haƙora ta motocin shiga daji ba, ba kuma siririyar nan ta 'yan gayu ba. Primacy ta Michelin da Turanza ta Bridgestone duk wannan layin ne, kuma kusan kowane kamfani yana da irin tasa.

Fara daga ƙofar direba

Kada ka kwafi lambar tayar da ke jikin motarka yanzu ka tafi kasuwa da ita. Motar ta bi hannaye kafin ta zo gare ka, kuma wani ya iya saka mata abin da ya samu ranar da tasa ta fashe. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin, za ka ga wata 'yar takarda a manne. A nan kamfanin motar ya rubuta girman taya da yawan iskar da za a ba ta. Ɗauki hotonta a waya.

Za ka ga abu kamar 195/65 R15 91H, wanda shi ne na Corolla da yawa. Lambar 195 faɗin tayar ne da milimita. Ita 65 tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 127. Sai 15, girman rim da inci. Waɗannan ukun kowane mai faci ya haddace su. Na ƙarshen ne ake tsallakewa. Lambar 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 615. In da 88 ce, kilo 560 ke nan; 94 kuma kilo 670. Harafin H yana nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 210 a awa; T 190 ce, V kuma 240. Wani zai ce shi ai bai taɓa wuce 120 ba, me ya haɗa shi da 210? Harafin ba izinin gudu ba ne, alama ce ta yadda tayar ke jure zafi in ta daɗe tana juyawa. Ka iya hawa sama da abin da aka rubuta a ƙofa, amma kada ka sauka ƙasa. Mu da muke cika but da buhun shinkafa da jarkar manja, mutum biyar a ciki, har Kano ko Sakkwato, lambar nauyin nan ba ta wasa ba ce.

Masu son su sauya rim su saka babba da siririyar taya don ado, ban hana kowa ba, amma a Legas asarar kuɗi ce. Tsayin gefen nan shi ke shanye dukan rami. Rami ɗaya da ruwa ya rufe a hanyar Ikorodu ya isa ya fitar wa siririyar taya ƙullutu a gefe, taya mai ƙullutu kuwa ba ta da gyara.

Akwai wasu kalmomi uku a kusa da kafaɗar tayar, tsarin Amurka ne, ba kowace taya ke ɗauke da su ba. Treadwear tana nuna ƙarkon zane, kuma tayar doguwar tafiya sau da yawa daga 400 take zuwa sama, sai dai a tsakanin tayoyin kamfani ɗaya ne kwatancen ya fi gaskiya. Traction riƙon birki ne a jiƙaƙƙen titi: AA, A, B, C. Temperature juriyar zafi ce: A, B, C. Ni a wurina, mai ruwan Yuni da Yuli na Legas a gabansa, da zafin ranar hanyar Mokwa zuwa Tegina a watan Maris, A yake nema a duka biyun. B ta zafi za a iya lallaɓawa da ita a cikin gari. C kuwa ka bar musu kayansu.

Shekarun taya

Nan ne mutane ke faɗawa, don haka zan tsaya.

Taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka kwalta ba. Robar tana bushewa, tana tauri, riƙon da ke tsakaninta da wayoyin ƙarfen ciki yana raguwa, kuma zafi da rana suna gaggauta wannan. Zanen zai kasance cike kamar jiya aka yi shi, amma in ta ɗau zafi a babbar hanya sai fatar saman ta ɓalle. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa sabuwar taya ce ta fashe masa.

Nemi haruffan DOT a gefen tayar, kusa da bakin rim. Bayansu akwai jerin haruffa da lambobi, a ƙarshe kuma lambobi huɗu, galibi cikin wani ɗan zagaye mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In ka ga 0424, mako na 4 na 2024. Sau da yawa gefe ɗaya ne kawai ke ɗauke da cikakkiyar lambar, saboda haka in ba ka gani ba, juya tayar. Da kanka, ba yaron shago ba. In lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ma abin da za a tsaya tattaunawa.

Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta daɗe tana wa direbobi gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta. Kamfanoni irin su Michelin nasu lissafin ya fi tsawo: bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne ka bi, lissafin ciniki ɗaya ne. In ka biya kuɗin sabuwa aka ba ka wadda ta yi shekara uku a sito, ka sayi rabin taya da kuɗin guda. Ni ba na karɓar wadda ta wuce shekara ɗaya da rabi, sai in an rage mini kuɗi sosai, kuma motar ba ta fita gari ba ce.

Abin da za ka ji daga mai shago kusan iri ɗaya ne ko'ina: "Alhaji, bar wannan lamba, duba zane, ko ledarta ba a cire ba." Leda ba ta hana tsufa. Sa a jero maka duka huɗun a ƙasa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin an saba a nuna maka ta bana guda ɗaya, sauran ukun a fito da su daga ciki lokacin da an riga an ɗaga motarka a jak. Shafa wurin lambar da babban yatsa. Zagayen kansa ba laifi ba ne, haka kamfani ke yi. Abin tsoro shi ne ka ji wurin ya yi kaushi kamar an kankare, ko launinsa ya bambanta da sauran jikin, ko lambobin sun karkace. In makon ya wuce 53 ma ba sai an faɗa maka ba.

Sannan ka tsayar da tayar ka dube ta daga gaba. Akwai masu shigo da taya da ke cusa ɗaya cikin ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa, kuma hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama irin waɗannan. Tayar da aka matse haka bakinta yana lanƙwashewa, wayar da ke riƙe rim tana rauni. Zagaya bakin da hannu. In ya shiga ciki a wani wuri, ko ka ga layin murɗewa a gefe, ajiye ta.

Tokumbo, wato tayar hannu, fa? Na san halin da ake ciki. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayar ƙananan motoci daga waje take zuwa, farashinta kuma dala yake bi. Mutum ya ji kuɗin sababbi huɗu sai ya juya wajen na hannu. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tayar hannu ta ƙananan motoci tana cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, ga shi ba ka san me ya sa mai ita ya cire ta ba. Mafi muni, da yawansu na ƙasashen sanyi ne. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ga zanen cike da ƙananan tsage-tsage masu lanƙwasa, wannan an yi ta ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Ita ce ta fi kowace kyan zane a tarin, ita ce kuma mafi saurin laushi da cinyewa a kwaltarmu. Akwai kuma wadda ta suɗe aka sake sassaƙa mata zane da wuƙa mai zafi. Leƙa cikin manyan ramukan zanen: taya ta gaskiya tana da wasu 'yan tudu a kwance a ciki, masu tsayin milimita 1.6, su ne ke nuna iyakar cinyewa. In babu su, ko ƙasan ramin bai yi daidai ba, an yi mata aiki. Ka leƙa cikinta ma, ka ƙirga faci. Faci a gefe, ba a tsakiyar zane ba, hukuncinsa jefarwa.

In kuɗin Michelin ko Bridgestone ko Continental ya fi ƙarfinka, sabuwar Maxxis ko GT Radial ko Westlake ta bana ta fi babbar suna mai shekara bakwai. Wannan ba na jayayya a kai.

Wurin saye da ciniki

Ladipo a Mushin da kasuwar Trade Fair a hanyar Badagry su ne manyan wuraren, kuma nan ne farashi ya fi sauƙi, sai dai dole idonka ya zama a buɗe. Dillalan kamfanoni masu shago da na'urar ɗaurawa sun fi tsada kaɗan, amma akwai rasit, akwai inda za ka koma. Tambayi shago uku kafin ka zauna a ɗaya, ka faɗi cikakkiyar lambar har da 91H ɗin, nan take za su gane ba baƙo ba ne. Kada ka bi yaran da ke tare mutum a bakin kasuwa, kuɗinsu a kanka za a ɗora. In makanikinka ne zai raka ka, babu laifi, amma ka sani shi ma galibi yana da nasa kaso a cinikin, don haka lambar DOT kai za ka karanta. Ka sa a rubuta girman taya da lambobin nan huɗu a jikin rasit. Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan.

Huɗu tare ya fi. In biyu aljihu ya iya, su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, kuma a saka su a baya. Na san kowane mai faci daga Idi-Araba har Alaba Rago zai ce maka, "Maigida, gaba ake sa sababbi, can injin yake." Kamfanonin taya da kansu baya suka ce. Dalili kuwa, in tayar gaba ta sulɓe a ruwa za ka ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa motar ta dawo hanya. In ta baya ce ta sulɓe, bayan motar ne zai juyo, kuma a kan gadar Third Mainland da ruwan sama babu direban da ke da lokacin gyara wannan. Tsofaffin da suka fi dama-dama su koma gaba, in har zanensu bai kusa da 'yan tudun nan ba. In ya rage kamar milimita 3 ga damina ta kawo kai, su ma lokacinsu ya yi.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kansu. A sauya bawul, wato bakin da ake ba da iska, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In akwai kibiya a gefen tayar, ta kalli inda motar ke tafiya. In an rubuta Outside, wannan gefen ne waje. A yi balansin, wato daidaita nauyin taya, a yi alaimen, wato saita ƙafafun mota, in ba haka ba sabuwar tayar gefe ɗaya za ta cinye cikin 'yan watanni. Iska kuwa abin da ke takardar ƙofa za a bi, galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI, ba lambar da ke jikin taya ba, wadda iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Masu faci suna son bugawa har 45 ko 50, ga ma'auninsu ya sha faɗuwa ƙasa, saboda haka sayi naka ɗan ƙarami ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin tayar ta yi zafi. Duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya na gaba su koma baya. Safaya ma a ciro ta daga but a karanta lambarta, a ba ta iska.