Yadda na tono labarin Basasa a bakin tsofaffin ƙasar Takai

Kakata ce ta jefa ni cikin wannan aiki. In yara suka kaure da faɗa a tsakar gida takan ce, "Kun mai da mini gida basasa." Sai da na girma na gane yaƙi ne na gaske, kuma ƙasarmu ta Takai na tsakiyarsa. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi, sarkin da Bello ya gada, suka ƙi mubaya'a, suka bi ɗan'uwansu Yusufu zuwa Takai suka ja daga. Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, ɗan'uwansa Alu ne ya ci Kano a 1894. Duk wannan yana cikin littattafai. Abin da babu a ciki shi ne yadda matar manomi ta kwana ranar da mahaya suka fasa rumbun mijinta. Labarinta na so in rubuta a littafi. Ga hanyar da na bi, ko za ta yi wa wani amfani.

Fara da gidan dagaci. Ko garinku ne, je ka faɗi ka yi gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, tarihin gari nake nema." Shi zai haɗa ka da wanda zai kai ka wurin masu sani. Riƙe goro, in kuma tsoho ba shi da haƙori, sukari da ganyen shayi sun fi. Ranar farko kada ka fito da waya ko biro. Na taɓa ajiye waya gaban wani dattijo tun kafin mu gama gaisawa, nan take ya koma ba ni amsa da "haka ne" da "Allah masani". Sai a zuwa na uku ya saki jiki.

Kada ka tambayi shekara. Tsoho ba da lamba yake lissafi ba, da sarki yake yi, da yunwa, da fari, da zuwan Nasara. Ka ce, "Baba, lokacin kakanka yana saurayi ne ko ya yi iyali? Kafin Turawa ne ko bayansu?" Tunda an san Turawa sun ci Kano a 1903, kai ne za ka koma gida ka auna. Ka tuna kuma babu sauran wanda ya ga yaƙin da idonsa. Jikoki da tattaɓa-kunne kake saurare. Don haka duk labarin da na ji, sai na sake jin sa a wani gari kafin in gina babi a kansa. Sau da yawa ana cakuɗa Basasa da hare-haren Ningawa, saboda duka biyun gudu ne da ɓuya da ƙonewar rumbuna.

Mata su ne taskar, kuma nan na fi daɗewa. Maza za su ba ka sunayen jarumai da dawakai. Tsohuwa kuwa, in ka zauna bakin ƙofarta tana kaɗi, za ta gaya maka me ake ci in hatsi ya ƙare: tafasa, rama, yaɗiya, ɗinya. Wata da nake kira Iya ta nuna mini da hannunta yadda kakarta ta ce ana binne tukunyar gero a ƙarƙashin gado, a daɓe wurin, a watsa toka don kada a ga sabon daɓe. Babi guda na samu daga wannan motsin hannun. In ba muharramarka ba ce, tafi da ƙanwarka ko matarka, ita ta yi tambayar.

Sannan ka taka ƙasar da ƙafarka. Bi tsohuwar ganuwa, leƙa kushewa da matattun rijiyoyi. Je bakin kogin Wudil da damina ka tsaya, ka cire gada daga zuciyarka, ka tambayi kanka yadda mai goyo za ta haye.

Kayan zamani kuma sukan sulale cikin labari ba ka sani ba. A rubutuna na farko na sa wani ya ƙyasta ashana, na sa wata ta biya sisi a kasuwa. Da ƙyastu ake kunna wuta, kuɗin kuwa wuri ne, ana ƙirga shi a ƙasa. Hular kowa, takalminsa, fitilarsa, bi su ɗaya bayan ɗaya.

Takardu na zuwa daga baya. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, za su daidaita maka sunaye da shekaru. Rahotannin jami'an Turawa na da amfani, amma karanta su da sanin cewa haraji ne ya kai su ƙauye.

Abu guda da ba na wasa da shi: za a gaya maka gidan da asalinsu bayi ne, da gidan da kakansu ya ci amana. Jikokinsu na nan, kuna sahu ɗaya a masallaci. Na sauya sunan kowane talaka da kowace unguwa, sarakuna kuma ban sa musu maganar da ba a ruwaito ba. Da na gama babin tukunyar gero, na koma na karanta wa Iya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce murfin ba faifai ba ne, sakaina ce ake liƙewa da laka. A daren na gyara.