Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran IP a kan layin ATM

Ba na'urar cirar kuɗi ta banki nake nufi ba. Wannan ATM tsohuwar fasahar sadarwa ce da ke yayyanka bayanai zuwa ƙananan ƙwayoyi, kowace bayit 53: 5 na adireshi, 48 na kaya. Yayinta ya wuce, amma tana nan a cikin modem ɗin ADSL (intanet ta layin tarho) da tsofaffin rawuta, kuma yaran da ke koyon aiki a wajena a Ƙofar Ƙaura suna yawan tuntuɓe da ita.

Da ping (ɗan saƙon gwajin da ake aikawa a ga ko ɗaya ƙarshen zai amsa) ya ƙi tafiya, sai ka ga yaro ya hau canza lambar IP, wato adireshin na'ura a kan hanyar sadarwa. Yawanci ba can ciwon yake ba. Fara daga ƙasa: fitilar layin tana ci? A hunturun Katsina, ƙurar da ta zauna a bakin faiba kaɗai ta isa ta tsayar da aiki.

Sai VPI da VCI, lambobi biyu da ke nuna hanyar da ƙwayoyin za su bi. Wasu sukan kwafo 0/35 ko 8/35 daga intanet su liƙa. Lambobin nan tsakaninka ne da suwicin da ke gabanka kawai, ba dole su yi daidai da na ɗaya ƙarshen ba. Tambayi mai ba ka layi. Kuma kar ka taɓa VCI daga 0 zuwa 31, an keɓe su.

Kar kalmar "up" ta ruɗe ka. A rawutar Cisco, in ba a kunna OAM (ƙwayoyin gwajin lafiyar hanya) ba, PVC, wato hanyar dindindin da aka saita tsakanin ƙarshen biyu, kan nuna lafiya lau alhali can gaba a mace yake. In OAM ya je ya dawo amma IP shiru, duba yadda aka naɗe kayan, don salon naɗin biyu ne: in wannan gefe LLC/SNAP, wancan VC-mux, kurma ne da makaho ke hira. In sun dace, tabbatar an ɗaura IP ɗin maƙwabci a kan PVC, da hannu ko ta Inverse ARP, wanda ke gano IP ɗin da kansa.

Wanda ya fi cin rai shi ne ƙaramin ping ya wuce, babba ya maƙale. Mai ofis zai ce maka, "Injiniya, jiya ka ce an gyara, ga shi shafi ba ya buɗewa." Dalili kuwa, fakiti mai bayit 1500 yakan kasu ƙwaya 32, kuma in ɗaya tak ta ɓata, AAL5, wato tsarin da ke yanka fakiti ya kuma sake harhaɗa shi, zai watsar da fakitin gaba ɗaya. Sau da yawa rawutarka ce ke turawa fiye da gudun da aka saya, suwicin kamfani kuma yana zubar da rarar. Alamarsa kurakuran CRC (lissafin da ke gano fakitin da ya lalace) su yi ta hauhawa a ɗaya ƙarshen. Maganinsa ka saita PCR (iyakar gudu) da SCR (matsakaicin gudu) daidai da yarjejeniya. Ni nakan ɗan rage ƙasa da haka ma.

In CRC ba ya motsi, koma kan MTU, wato iyakar girman fakitin da layi zai ɗauka. IP a kan ATM yakan zo da bayit 9180, Ethernet 1500, PPPoE (wata hanyar haɗa ADSL) kuma 1492. Yi ta ƙara girman ping da alamar hana rarrabawa har ka ga inda ya tsaya.