Yadda ake tsinkar baƙin sapote, a nunar da shi, da yadda ake zaɓensa a kasuwa

Baƙin sapote ɗan itace ne mai yaudarar ido. Ranar da ya fi kyan gani, kore shar, fatarsa sumul tana sheƙi, ranar ba ya ciyuwa sam. Ranar da ya kai a ci kuwa za ka same shi ya yamutse, ya lotsa, launinsa ya dushe, har wanda bai san shi ba ya ɗauka ruɓewa ya yi ya nufi bola da shi. Shi ya sa mutane da yawa da suka gwada shi sau ɗaya suke cewa ba shi da daɗi, alhali ko dai an tsinko musu shi bai ƙosa ba, ko kuma sun yanka shi bai gama nuna ba.

Asalin bishiyar daga Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya har zuwa Kolombiya. Masana tsirrai suna kiranta Diospyros nigra, a tsofaffin rubuce-rubuce kuma za ka ga Diospyros digyna. Sifaniyawa ne suka tsallaka teku da ita zuwa Filifin tun kafin 1776, yau kuma ana noma ta a kudancin Florida da Hawai a Amurka, da tsibiran Karibiyan, da jihar Queensland a Ostareliya. Bishiya ce mai ganye kore duk shekara, idan aka bar ta tana iya kai mita 25. Ɗan nata siffar tumatir gare shi, faɗinsa santimita 5 zuwa 10, wani lokaci ya ɗara haka, kuma idan ya nuna cikinsa yakan zama baƙi-baƙi mai laushi, abin da ya sa masu talla suke danganta shi da cakulan. Kada sunan sapote ya ruɗe ka: farin sapote dangin lemo ne, mamey sapote shi ma danginsa daban, don haka dabarar da ta yi a kansu ba lallai ta yi a kan wannan ba.

Mataki na farko: duba hular kafin ka taɓa shi

A wajen da ɗan itacen ya haɗu da mariƙinsa akwai wani koren ganye mai kauri, mai kunnuwa huɗu zuwa shida, da ke zaune a kansa kamar hula. Wannan hular ce babbar shaidarka. Muddin ɗan yana girma, kunnuwanta suna manne da fata, ba ka iya cusa ko farce a tsakaninsu. Idan ya ƙosa sai kunnuwan su saki, su fara ɗagowa sama suna lanƙwashewa, har a ga rata tsakaninsu da fatar. Ka karkato ɗan ka duba ta gefe. In haske yana wucewa ta ƙarƙashin kunnuwan, to ya isa tsinka. In suna nan a lafe, bar shi a kan uwarsa.

Shaida ta biyu launi ne, amma sai idon da ya saba. Ɗanye kore ne mai haske da ƙyalli. Da ya ƙosa sai ƙyallin ya ragu, koren ya ja baya ya koma irin na zaitun. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwatanta 'ya'ya biyu a reshe ɗaya, ƙarami da babba, za ka ga bambancin nan take.

Girma kaɗai ba hujja ba ne. Irin da ake kira Mossman manyan 'ya'ya yake yi, wasu irin kuma ƙanana, balle bishiyar da aka shuka daga ƙwallo wadda ba wanda ya san abin da za ta haifa sai ta fara. Babban ɗa mai lafaffiyar hula bai kai ƙaramin da hularsa ta ɗaga ba.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan mataki shi ne ba a gyara kuskurensa daga baya. Sapoten da aka tsinka bai ƙosa ba, ko mako uku ya yi a ajiye, ɗaya daga cikin biyu ne: ko ya ƙi laushi ya bushe a haka, ko ya yi laushin banza, cikinsa ya yi duhu amma salam, ga bauri. Babu wata dabarar nunarwa da za ta mayar masa da zaƙin da bai tara ba tun yana kan bishiya.

Jira ya nuna a kan bishiyar ma ba mafita ba ne. Da zarar ya yi laushi nauyinsa yake fin ƙarfin mariƙi, sai ya faɗo ya fashe, a wayi gari ƙasan bishiya ya yi baƙi da shi, ga ƙudaje. Wanda bai faɗo ba kuwa tsuntsaye da jemagu sun riga ka. Ana tsinkarsa ne ya ƙosa amma yana da tauri.

Mataki na biyu: tsinka

A yanke shi, kada a fizge. Sa almakashin yankan reshe ka datse mariƙin dab da hula, ka bar hular a jikinsa. Idan aka fizgo shi hular ta ɓalle, wajen yakan zama ƙofar da ruɓa ke shiga tun kafin sauran ɗan ya nuna. Kada kuma a bar mariƙi mai tsawo, domin zai soki na kusa da shi a cikin kwando.

Na can sama ana ciro su da doguwar gora mai wuƙa ko ƙugiya a baki, da jakar yadi a ƙarƙashi wadda ɗan zai faɗa ciki. Girgiza reshe ko jifa ba nasa ba ne. Ɗanyen sapote yana da tauri har ka ɗauka faɗuwa ba ta yi masa komai ba, amma wajen da ya bugu zai bayyana bayan kwanaki, ya riga sauran jiki yin laushi ya yi tsami.

A tsinka da safe ko da yamma, a ajiye a inuwa. A jera su sahu ɗaya ko biyu a kwali mara zurfi. Kuma bishiya ba ta ƙosar da 'ya'yanta rana ɗaya, don haka zagayawa ake yi duk mako ana ɗaukar waɗanda suka kai. Lokacinsa ya danganta da ƙasa: a Meziko ana samunsa daga wajen Agusta zuwa Janairu, a Florida ya fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, a arewacin Ostareliya kuwa daga wajen Agusta zuwa Disamba.

Mataki na uku: nunarwa

Nan aikin ba wuya, haƙuri kawai yake so. Jera su a kan faranti ko tebur a cikin ɗaki, inda iska ke shiga kuma rana ba ta dukansu, kowanne da ɗan fili tsakaninsa da ɗan'uwansa. Shimfiɗa takarda a ƙarƙashi, don wani yakan tsage ya ɗiga idan ya nuna. Wanda ya ƙosa yakan ɗauki 'yan kwanaki, har zuwa kwana 14, kafin ya nuna. Wanda aka tsinka koren ya riga ya dushe yakan yi sauri, kwana 2 zuwa 6, wanda kuma aka ciro da sauran haskensa yakan kai kwana 10.

Kada ka sa ɗanye a firij. Ɗan itacen ƙasashen zafi ne, sanyi yana dakatar da nunarsa, kuma idan ya daɗe a ciki ko an fito da shi ba zai nuna daidai ba.

Idan kana gaggawa, saka shi cikin jakar takarda tare da nunanniyar ayaba ko tuffa, ka naɗe bakin jakar. Waɗannan suna fitar da iskar etilin, wadda ita ce ke tayar da nuna a irin waɗannan 'ya'yan itatuwa, shi ma sapoten yana fitar da tasa. Jakar takarda tana tara iskar amma tana barin danshi ya fita. Leda kuwa gumi take tarawa, gumi kuma shi ke kawo fumfuna a gindin hula.

Ka riƙa duba su kullum, domin sauyin ba a hankali yake zuwa ba. Sai ɗan ya yi mako guda da taurinsa kamar ba abin da ke faruwa, sannan cikin dare ɗaya ko biyu ya juye gaba ɗaya. Koren ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu, fatar ta saki ta yi tamoji, hular ta bushe ta yi baƙi-baƙi.

Mataki na huɗu: sanin ranar yankawa

A nan ne mafi yawan mutane suke yin gaggawa. Da sun ji ya ɗan yi laushi sai su kawo wuƙa, kamar yadda aka saba da sauran 'ya'yan itace. Laushin farko bai isa ba. Ɗora shi a tafin hannu ka danna da babban yatsa a hankali: idan fatar ta lotsa ta dawo, da saura. Idan yatsan ya nutse ba tare da ka yi ƙarfi ba, ramin ya zauna bai dawo ba, kuma ko'ina ka taɓa haka yake, har kusa da hula, to ya nuna tuɓus. A wannan lokaci ɗaga shi ma sai da hannu biyu, kuma ƙasansa yakan baje saboda nauyin kansa. Idan kana kokwanto, ƙara masa kwana ɗaya. A ganina sapote ya fi yafe wa wanda ya makara da kwana guda a kan wanda ya yi sammako da kwana guda.

Ɗanyensa ba abin ɗanɗanawa ba ne ko da wasa. Cikinsa fari ne ko rawaya-rawaya, ga ɗaci, ga bauri mai kama harshe, yana kuma ƙona baki. Ƙarfinsa ya kai har a Filifin da tsibiran Karibiyan an san masunta da daka ɗanyen su zuba a ruwa don sumar da kifi. Idan ka yanka ka tarar da wani ɓangare bai yi duhu ba, kada ka ci wannan ɓangaren.

To yaya ake bambanta nunanne da ruɓaɓɓe, tunda a ido kusan ɗaya suke? Da hanci. Nunanne ƙamshinsa kaɗan ne, mai sanyi. Wanda ya wuce warin tsami yake yi irin na abin da ya kwana ya tashi, wani lokaci da ruwa yana tsattsafowa daga tsaguwa, ko farar fumfuna a gindin hula. A ciki kuma, nunanne launinsa ɗaya ne daga fata zuwa tsakiya, ruwan ƙasa mai duhu zuwa baƙi, yana sheƙi, yana kama cokali.

Yankawa ba ta buƙatar wuƙa mai kaifi. Cire hular, za ta fito ba gardama, ka raba shi biyu, ka kwashe cikin da cokali. Fatar siririya ce kuma ba a cin ta. Ƙwallayen faffaɗa ne, ruwan ƙasa, santsi, kowanne cikin wata 'yar riga mai yauƙi. Wani ɗan ba shi da ko ɗaya, wani kuma har 12.

Gaskiyar magana game da ɗanɗano: ba cakulan ba ne. Launi da laushi ne suka jawo masa wannan suna. Zaƙinsa matsakaici ne, ba tsami, kuma shi kaɗai yana iya yi wa wanda ya sa rai da yawa salam. Mutanen Meziko sun daɗe da gano maganin haka, suna dama shi da ruwan lemon zaƙi, ɗan tsamin lemon sai ya farkar da shi. Wasu kuma da madara suke haɗawa, ko su sa shi a kek da askirim. Idan ka buga shi da cokali na ɗan lokaci yana ƙara santsi da sheƙi.

Nunanne yana yin kwana uku ko huɗu a firij. Idan sun nuna maka da yawa lokaci guda, wanda haka suka saba yi, kwashe cikin, ka cire ƙwallaye, ka tace a rariya, ka zuba a roba mai murfi ka sa a firiza. Yana kai wata shida bai canza ba.

Idan saya za ka yi

Duk abin da aka faɗa game da hula yana aiki a gaban mai sayarwa, sai ma ya fi muhimmanci, domin ba ka san ranar da aka tsinko shi ba, kuma mai son riga wasu kai kaya kasuwa yana iya cirowa da wuri. Ɗauki kowanne ka juya shi. Hula ta kasance tana nan, kunnuwanta a ɗage. Fata ba tsaguwa, ba huda, ba wani gurbi guda mai laushi alhali sauran jiki da tauri, domin wannan bugu ne, ba nuna ba. Ɗan tabo ko ƙuje a saman fata wanda ya bushe ba komai ba ne, reshe ne ya goge shi yana ƙarami. A hannu kuma ya yi nauyi daidai da girmansa.

Sai ka yanke shawarar yaushe za ka ci. In yau ne ko gobe, nemi mai laushi, ko da ya yamutse. A kasuwannin Meziko haka ake baje su, a yamutse, masu saye kuma su suke nema. Sai dai ka tanadi abin ɗauka mai faffaɗan gindi, kada ka jefa shi cikin jaka tare da sauran kaya, in ba haka ba kafin ka isa gida ya zama kunu. In kuwa tafiya ce mai nisa, ko kana so su riƙa nuna maka ɗaya bayan ɗaya, haɗa masu tauri da waɗanda suka fara sakin jiki.

Masu saye ta intanet, kamar yadda wasu gonakin Florida ke aikawa cikin kwali, su sani cewa da taurinsa zai iso, domin nunanne ba ya jure hanya. A buɗe kwalin ranar da ya zo, a fito da su daga abin da aka naɗe su, a ware wanda ya bugu, sauran a jera su a ɗaki.

Idan mai sayarwa ya san irin da yake sayarwa, tambaye shi. Merida, wadda ake kira Reineke, sananniya ce a Florida. Bernicker da Maher da Mossman kuma su ne aka fi ji a Ostareliya, kuma an zaɓo su ne saboda yawan nama da ƙarancin ƙwallo. Wannan tambaya ta fi amfani ga mai niyyar sayen dashe ya shuka. Bishiyar da ta tsiro daga ƙwallo takan yi shekara biyar ko shida kafin ta fara haihuwa, kuma wata takan fito da furen namiji zalla, ta yi girma ta yi inuwa ba ɗa ko ɗaya. Dashe mai aure ya fi saurin haihuwa, kuma irin da aka ce maka shi za ka tsinka.