Matakan Kai Ɗalibai Aikin Gayyar Kwashe Shara a Bakin Teku

1. Kafin a sa rana, a duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa. A yawancin gaɓoɓi teku kan ciko sau 2 a rana, don haka a isa lokacin da ruwa ke janyewa.

2. A karɓi izinin iyaye a rubuce, a kuma tuntuɓi masuntan wurin. Su suka san inda igiyar ruwa ke jan mutum.

3. A raba yara rukuni-rukuni, kowanne da malami, safar hannu da buhu biyu: ɗaya na robobi, ɗaya na sauran shara. Fasasshiyar kwalba, ƙugiya da sirinji kuwa, yaro ya nuna kawai, babba ya ɗauka. Kada a raina leda, kunkurun teku kan haɗiye ta a zaton abinci ce.

4. Bayan shara, a leƙa ramukan duwatsu da ruwa ya bari, inda ƙaguwa da ƙananan kifaye ke fakewa. Dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake, gidan wasu ne.

5. Ba mai shiga kwalekwale sai da rigar hana nutsewa, ko da ya iya ruwa. Wannan ba sassauci. A ƙirga yara kafin shiga da bayan fitowa.