Yadda Za a Kafa Shayarwa Tun Daga Ɗakin Haihuwa

Da yawa daga cikin matan da ake cewa ba su da ruwan nono lafiyarsu ƙalau. Matsalar takan faro ne daga abin da aka yi wa uwa da jariri a sa'o'in farko. Shi ya sa ya kamata mai ciki ta tattauna waɗannan abubuwa da ungozoma da wadda za ta raka ta tun lokacin awo, domin ranar naƙuda ba ranar shawara ba ce.

Da zarar jariri ya faɗo, a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a jefar da jiƙaƙƙen, a kwantar da shi rub da ciki a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata. A lulluɓe su tare, a sa masa hula, a juya fuskarsa gefe yadda hanci zai kasance a buɗe. Idan yana numfashi lafiya, a jira minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure cibiya. Daga nan a bar su sa'a guda cur, wani na kusa yana lura da numfashinsa. Awon nauyi da sa kaya duk za su iya jira.

A cikin wannan sa'ar jariri yana a farke. Zai huta, ya fara lasar hannu, ya riƙa jujjuya kai, ya lallaɓa har ya kai ga nono. Bayanta sai barci mai nauyi ya ɗauke shi, kuma wanda ya rasa wannan dama yakan sha wahalar kamawa daga baya. Tsotson farko yana sa jikin uwa ya saki sinadarin oksitosin, wanda ke matse mahaifa ya rage zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, waɗanda suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa a 1991, sun sa fara ba da nono cikin sa'ar farko a cikin matakai 10 na wannan shiri.

Kada a yi gaggawar wanka. A jinkirta shi sa'o'i 24, in ya gagara, aƙalla 6. Wankan wuri yana sanyaya jariri, kuma jaririn da ya ji sanyi ba ya da ƙarfin tsotso.

Sai maganar dakashi, wato ruwan nonon farko, inda aka fi tafka asara. Wannan ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, ba datti ba ne. Shi ne rigakafin farko na yaro, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko, abin da ke rage shawara. Kaɗan yake fitowa saboda cikin jariri a ranar farko bai wuce ɗaukar ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ɗan fiye a lokaci guda ba. Idan aka cika wannan ɗan ciki da ruwan sukari, ruwan dabino, rubutu ko madarar gwangwani, yaro zai daina neman nono, shi kuwa nono sai ana cire shi yake ƙaruwa. Zuma ta fi duka haɗari: ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba. Kakanni na yin haka ne da kyakkyawar niyya, don haka a yi musu bayani cikin ladabi tun kafin ranar.

Idan an yi tiyata, ruwan nono na iya makara kaɗan. Da uwa ta farfaɗo a kawo mata ɗanta, ta shayar a kwance ta gefe, ko ta riƙe shi ta ƙarƙashin hammata don kada ya danne ɗinki. Allurar rage zafin naƙuda irin su fetidin takan sa jariri yawan barci. Irin wannan yaro, da kuma bakwaini, a tatso dakashi da hannu a ba shi a cokali ko ƙaramin kofi duk bayan sa'o'i 2 zuwa 3. A guji bulumboti.

A duba yadda jariri ya kama nono. Baki a buɗe sosai, haɓa na taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman baki. Idan kan nono kaɗai ya kama, zai tsage, uwa ta ji zafi, yaro kuma bai ƙoshi ba. A zura ɗan yatsa mai tsabta ta gefen bakinsa a cire shi, a sake gwadawa. Uwa da ɗa su kwana ɗaki ɗaya, a shayar sau 8 zuwa 12 a dare da rana, ba tare da jiran kuka ba.

Nono yakan cika tsakanin kwana na 2 da na 4. Idan kwana 4 suka wuce bai cika ba, musamman in maijego ta zubar da jini da yawa ko jinin bai ragu ba, a koma asibiti, don ragowar mabiyiya a cikin mahaifa na hana ruwan nono zuwa. Haka kuma idan zuwa kwana na 6 jariri ba ya fitsari sau 6 a dare da rana, ko kashinsa har yanzu baƙi ne, ko ba ya farkawa ya sha, a kai shi a ranar.